Jifa na Uku na Hyodo Tsuneo

Ranar Talata sha tara ga watan Nuwamba, da hantsi, ina cikin jera kwandunan ƙwallo a ɗakin ajiya na filin atisaye, waya ta yi ƙara a aljihuna. Chizuru ce, 'yarka. Ba ta ja zance ba. Ta ce, "Kawu Kagaya, Baba ya tafi da ƙarfe tara da kwata. Mama ta ce kai za a fara gaya wa." Na ce mata na gode, kamar wanda aka kawo wa saƙon kirki, na kashe wayar, na ƙarasa jera kwandunan nan har na ƙarshe. Sai da na gama na zauna a ƙasa.

Haka ka bar mu, Yaya Hyodo Tsuneo, kana da shekara sittin da shida, a asibitin garinku Uwajima, bayan wata bakwai kana fama da ciwon hanta. Shekara ashirin da biyu ka yi kana jifa da hannun dama a babban rukunin besbol, wasan jifa da bugun ƙwallo da sanda, na ƙasar nan. Wasa ɗari da talatin da takwas ka ci wa ƙungiyarku. Masu bugu dubu ɗaya da ɗari huɗu da casa'in da tara ka mayar benci da jifa uku-uku, sandarsu ba ta taɓa ƙwallo ba. Duk wanda ya karanta wannan adadi a jarida a makon nan ya san ɗaya ya rage ya cika dubu da ɗari biyar, kuma duk wanda ya kai shekarunmu ya san ni ne ɗayan.

Masu mujallar tsofaffin 'yan wasa sun ce in rubuta maka wannan, wai ni ne na hannun damanka. Na karɓa, kuma ina jin za su yi da-na-sanin tambayata. Shekara ashirin da shida ina gaya maka, ina gaya wa iyalinka da duniya, cewa idona a rufe yake ranar wasanka na ƙarshe, sanda ce ta ci karo da ƙwallo. Ƙarya nake yi. Idona a buɗe yake, da gangan na buga. Ka mutu ba ka sani ba, kuma duk alherin da ka yi mini a kan wannan ƙarya ka yi shi.

Bari in fara da kai kafin in zo kaina, don ka fi ni cancanta.

Ina ɗan sakandare a garinmu Noshiro na fara ganinka a talabijin ɗin mai aski. Ba ka da tsayi, ba ka da jifa mai tsananin gudu, kuma fuskarka kullum kamar ta wanda ya manta tukunya a kan wuta. Amma kana da ƙwallon nan da ke tahowa miƙe sai ta zo gaban mutum ta faɗi ƙasa, manya-manyan masu bugu su kai wa iska duka har su durƙusa. Na tuna wasan watan Agusta da ka yi zango goma sha biyu kai kaɗai, alhali tara ake yi a wasa, jifa ɗari da sittin da uku cikin zafin da ya sa aka fitar da 'yan kallo biyu a sume, aka tashi ɗaya da ɗaya. Da aka tambaye ka ko ka gaji, cewa ka yi tsinkar lemu a gonar babanka ta fi wannan wahala, don can ba a tafa wa mutum. In jifanka ya kuskure ya sami jikin mai bugu, ba ka tsaya a taɓa bakin hula kamar sauran, cire ta kake yi gaba ɗaya ka sunkuya, ko da yaron jiya aka ɗauke shi. Ni kaina sau huɗu na tsaya gabanka a shekarun da nake wasa. Uku na farko ban ga ƙwallon ba ma.

Na huɗun shi ne ranar sallamarka.

Kowa ya san yadda muke sallamar tsohon mai jifa. A wasan ƙarshe na shekara, in ba abin da ya rage a nema, sai a hau da shi tudun jifa ya fuskanci mutum ɗaya. Ya jefa uku miƙaƙƙu, mai bugun ɗaya ɓangaren ya kaɗa sanda da ƙarfi ya kuskure sau uku, ya cire hula ya sunkuya, a kawo furanni, kowa ya yi kuka a tafi gida. Ba a rubuta wannan a littafin doka ba, kuma ba a taɓa bukatar a rubuta ba. A naka har da ƙari, domin wannan kuskure ukun shi zai cika maka dubu da ɗari biyar. Gwiwar hannunka ta riga ta lalace tun bazara, allura aka yi maka don ka iya jifa biyar ko shida. An ɗinka ƙyalle mai lambar, an naɗe shi a saman 'yan kallo ana jiran a sake. Babanka, mai shekara saba'in da tara, wanda bai taɓa barin gonarsa ya zo ya ga wasanka ido da ido ba, an ɗauko shi daga Uwajima a jirgin ruwa da na ƙasa, an zaunar da shi bayan raga. Chizuru tana da shekara goma sha biyu, tana tsaye a bakin fili da furanni sun kusa rufe mata fuska.

Ni kuwa ina bencin baƙi, shekarata ashirin da tara, goma sha ɗaya daga ciki na yi su ina hawa da sauka tsakanin babban rukuni da ƙarami. Ban taɓa buga ƙwallo ta haye katangar fili, bugun da ke ba da maki nan take, a babban rukuni ba, ko sau ɗaya. Kwana ɗaya kafin wasan an kira ni daga ofis an ce ranar Litinin in zo sanye da kwat. Duk ɗan wasa ya san abin da ake nufi da kwat. Ban gaya wa matata Harue ba, na dai ciro kwat ɗin na rataya, ita kuma ta gani.

A zango na takwas kocinmu ya yafito ni. Ko kallona bai yi ba, idonsa na kan fili.

"Kagaya, kana da aiki. Kai za ka shiga wa Hyodo. Sau uku, da ƙarfi, kada ka mayar da abin wasan yara."

"To, Maigida."

"Ka iya ai. Shekara nawa kana yi ba a roƙe ka ba."

Na kusa da shi suka yi dariya, ni ma na yi. Na gane dalilin da ya sa aka zaɓe ni. Sauran suna da lambobin da za su kare a teburin sabunta kwantiragi, ni kuwa nawa ba wanda zai sake dubawa.

Zango na tara, kuna da shida muna da ɗaya, saura mutum ɗaya a tashi. Aka kira sunanka, mutum dubu talatin suka miƙe tsaye. Aka kira nawa, ba wanda ya ji. Na shiga na tsaya, Sagara mai cafe maka ƙwallo yana tsugune a bayana, ya ce ƙasa-ƙasa, "Miƙaƙƙiya ce, tsakiya. Bi ta ƙarƙashinta, ɗan'uwa, mu je mu sha giya." Na farko na kaɗa na kuskure, fili ya ɗauki sowa. Na biyu ma haka, har na yi kamar zan faɗi don abin ya yi kyau. Daga nan na ja baya na gyara safar hannu, na ɗaga kai na ga ƙyallen nan a naɗe, na ga furannin, na ga tsohon da hularsa a gwiwa. Abin da ya zo mini ba shi da kyau, kuma zan faɗe shi yadda ya zo. Na ce a raina, ni ma yau ce ranata ta ƙarshe, wa ya kawo mini ko ganye? Shi yana da dubu da ɗari huɗu da casa'in da tara, ni ba ni da ko ɗaya, kuma ni aka ce in ba shi.

Ka jefo ta uku. Kilomita ɗari da ashirin da takwas a awa, gudun da ɗan sakandare zai raina, daidai ɗamarata. Na gan ta tun daga yatsunka, har ɗinkinta na gani. Na dasa ƙafa, na juya ƙugu, na buga ta yadda aka koya mini tun ina ɗan shekara tara. Ban taɓa buga ƙwallo da kyau haka ba, kuma na ji daɗinta a tafin hannuna. Wannan ma ban taɓa gaya wa kowa ba.

Ta haye katanga ta faɗa kujerun 'yan kallo na hagu, layi na goma sha wani abu. Ba wanda ya miƙa hannu ya ɗauka. Na zagaye kusurwoyi huɗu na fili don cika makin ina jin ƙarar takalmina a ƙasa, a filin da ke da mutum dubu talatin. Da na dawo Sagara ya ɗage abin rufe fuskarsa ya ce, "Kai ɗan banza, me ka yi?" A bencinmu ba wanda ya ba ni hannu. Koci ya juya mini baya.

Kocinku ya hau tudu da gudu, yana nuna maka mai bugu na gaba, wanda ya riga ya cire hula yana nuna a shirye yake ya kuskure ko sau goma ne. Daga baya Sagara ya gaya mini abin da ka ce. Ka ce, "Mutum ɗaya na roƙa, an ba ni. Ba zan tsaya ina bara ba." Ka sa wa kocin ƙwallo a hannu, ka sunkuya wa ɓangarori huɗu na fili, ka sauko. Wani yaro ya hau ya ƙarasa wasan da jifa biyu. Kun ci shida da biyu, sakamakon da ban taɓa jin wani ya ambata ba tun ranar. Ƙyallen ba a sake shi ba, ma'aikata suka kwance shi a naɗe bayan an watse. Chizuru ta miƙa maka furanni tana kuka, ba irin kukan da aka shirya ba.

'Yan jarida sun tare ni a lungun fita, sun fi ashirin, ni da ban taɓa ganin biyu a gabana ba. Tsoro ya kama ni, bakina ya riga ni. Na ce na rufe ido na kaɗa, ban san yadda aka yi ba, ina neman gafarar Hyodo da iyalinsa da duk masoyansa. Da suka kai maka wannan magana sai ka yi dariya, ka ce, "To kun gani? Wanda makaho ya buga wa ƙwallo waje ai lokacin tafiyarsa ya yi. Ku ƙyale yaron nan." Ranar Litinin na sa kwat na je ofis, ba a ɗauki minti biyar ba aka sallame ni.

Mutane ba su ƙyale ni ba. Wasiƙu sun zo, wasu ba suna, ɗaya da reza a ciki. An daina gaishe da Harue a kantin unguwa. Ba ƙungiyar da ta kira ni gwaji, ba kamfanin da ke ɗaukar tsofaffin 'yan wasa da ya amsa takardata. Na koma ɗaukar akwatunan kifi a kasuwa. A watan Disamba na ga labarin rasuwar babanka a ƙasan shafi, ban yi ƙarfin halin aiko da ko kati ba.

A watan Janairu, da rana tsaka ina wanke daɓen rumfa da tiyo, na ɗaga kai na gan ka tsaye cikin dogon kwat, da kwalin lemu a hammata, ruwan kifi yana bi ta ƙarƙashin takalminka. Na saki tiyon na durƙusa a jiƙaƙƙen daɓen nan, goshina a ƙasa.

"Tashi, tashi, kana ba ni kunya gaban kifi," ka ce. "Kai ne makahon? Na zaci za ka fi haka girma. Karɓi wannan, nauyi gare shi, hannuna ba ya ɗauka."

"Yaya, ban san da wane baki..."

"Ka iya jifa?"

"Na yi a sakandare."

"Ya isa. An ba ni horar da masu jifa a ƙaramin rukuninmu, kuma muna neman mai jefa wa yara ƙwallo a atisaye. Aikin jaki ne, ɗari da hamsin kullum, kuma so ake a buga maka. Na ce musu na san wanda ya san ciwon abin."

Haka ka kai ni cikin ƙungiyar da magoya bayanta suka fi tsanata a duniya, ka tsaya a gabana. Shekarar farko wani mai shan giya ya riƙa zuwa atisaye musamman don ya zage ni ta bayan shingen waya. Rana ta uku ka taka har wurinsa, ka ce, "Baba, ni aka buga wa, ni kuma na ci abincin rana da shi yau. Kai me aka buga maka?" Mutumin bai sake zuwa ba. A duk liyafar ƙarshen shekara sai ka sa na miƙe, ka ce wa sababbin yara, "Ku kalle shi da kyau. Ido rufe ya kashe ni. Da ya buɗe, da yanzu yana Amurka." Su yi ta dariya, in sunkuya in yi dariya tare da su, in zuba maka giya. Sau ashirin da wani abu na ji wannan barkwanci, kuma kowane karo sai na ji kamar in ajiye kwalbar in faɗa. Ban faɗa ba. Da farko tsoron rasa aikin ne, daga baya tsoron rasa ka.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne na shekarar da Harue ta kwanta. Likita ya ce kwanaki ne, kuma lokacin atisayen bazara ne, ba mai karɓar mini aiki. Ka ce in tafi asibiti kada in sake ka ga ƙeyata a fili. Na ɗauka wani ka samo. Sai bayan an yi jana'iza Sagara ya gaya mini kai ka tsaya a wurina, kwana goma sha ɗaya, ɗari da hamsin kullum, da wannan gwiwar hannu da ba ta miƙewa. Ya ce a ɗakin cin abinci da cokali kake ci da hannun hagu, don dama ba ta iya riƙe tsinken cin abinci. Da na zo yi maka godiya ka ce in rufe maka baki, wai dama kana neman dalilin rage tumbi. Na samu kwana goma sha ɗayan nan a gefen matata, na riƙe hannunta har ta cika, kuma da hannunka aka biya.

Bayan ka yi ritaya ka koma gonar babanka, ba Disambar da kwalin lemu bai iso ƙofata ba, da 'yar takarda a sama da rubutunka mai kama da tafiyar kaguwa. Duk hutun sabuwar shekara a gidanku nake yi tun rasuwar Harue. Anti Fumie, matarka, ta ware mini kofin shayina da ba mai taɓawa. Ni na zauna a teburin dangi ranar auren Chizuru, 'ya'yanta kuma Kaka Kagaya suke ce mini. Ba ni da kowa a Noshiro yanzu. In aka ce gida, can Uwajima zuciyata take zuwa.

A watan Oktoba, da na ji jikin ya yi tsanani, na ɗauki hutu na taho da niyya ɗaya. Na maimaita maganar a jirgi tun daga tasha har tasha. Na same ka da la'asar, an ɗaga maka gado kana kallon tsaunin da lemu ya fara ja, ka rame har agogonka yana zamewa zuwa gwiwar hannu. Anti Fumie ta fita sayo abu, daga ni sai kai.

"Makaho ya iso," ka ce. "Zauna. Yaran bana fa? Wancan mai hannun hagun har yanzu yana buɗe kafaɗa da wuri?"

"Har yanzu. Yaya, akwai maganar da na zo da ita. Maganar ranar nan."

"Kai, kai da ranar nan. Ba ka gajiya?" Ka yi tari, na ba ka ruwa. Sannan ka ce, "Bari ni in gaya maka wata, tunda ba sauran lokaci. Mutane suna cewa Hyodo waliyyi ne. Ba waliyyi ba ne ni, Kagaya. Tsoho bai yi mini magana ba a jirgi har muka isa gida. A bakin ƙofa ya ce, 'Me ka yi wa yaron nan da ya yi maka haka?' Shi ke nan abin da ya ce game da wasana, shekara ashirin da biyu. Wata biyu ya mutu. Na tsane ka a lokacin, har mafarkinka nake yi. Abin da ya cece ni, na zauna na ce, yaron nan bai yi niyya ba, tsautsayi ne, kuma ana kashe shi a kan tsautsayi. Da a ce da gangan ka yi, na rantse maka ba zan iya ba. Da na mutu da kai a maƙogwaro." Ka dafa mini gwiwa. "To, mece ce maganar taka?"

Na kalli hannun nan a kan gwiwata. Na ce, "Ba komai, Yaya. Godiya ce kawai."

"Shashasha. Ɓare mini lemu."

Na ɓare maka, ka ci ɓari biyu. Wannan ne ganina da kai na ƙarshe. Na gaya wa kaina tausayi ne ya hana ni, kada in ɗora wa mai mutuwa kaya. Wataƙila akwai wannan a ciki. Amma na san kaina, Yaya. Wanda ya yi wa 'yan jarida ƙarya a lungun fita shi ne ya zauna a gefen gadonka, tsufa kawai ya yi.

Ranar Juma'a aka ƙone gawarka, kamar yadda al'adarmu take. Da aka fito da ƙasusuwa, iyali suka jeru bibbiyu da dogayen tsinkaye don ɗauka a sa a tulu, ni na ja baya can wajen ƙofa tare da sauran abokai. Anti Fumie ta waiwayo ta ce, "Kagaya, me kake yi a can? Zo ka kama da Chizuru." Ma'aikacin wurin yana nuna kowane ƙashi yana faɗin sunansa, daga ƙafa zuwa sama. Da ya zo hannun dama ya ɗan tsaya, ya ce bai taɓa ganin gwiwar hannu da ta yi ƙulli ta kumbura haka ba, mamacin ya yi aiki da ita ƙwarai. Ita ce ta faɗo a kanmu. Ni da 'yarka muka ɗaga ta tare, ita ce ta fi riƙewa har muka kai ta tulu.

Ban koma bakin aiki ba. Na kama ɗaki kusa da tasha na kwana uku, ranar Litinin da safe na hau gidanku. Anti Fumie ta zuba mini shayi a kofina, Chizuru tana gefe tana jera katunan masu ta'aziyya. Na kunna maka turare gaban hotonka, na juyo na durƙusa gabansu, na faɗa. Ban yi ado ba. Na ce idona a buɗe yake, na ga ƙwallon, na yi niyya, hassada ce, kuma na zo asibiti don in faɗa maka na kasa.

Chizuru ta ajiye katunan ta tashi ta fita, na ji ta rufe ƙofar baya. Anti Fumie ta daɗe tana kallon hotonka.

"Kwana goma sha ɗayan nan," ta ce, "ni nake sa masa riga da safe. Ba ya iya ɗaga hannun."

"Na sani, Anti. Ku yafe mini."

"Ni? Ba ni aka buga wa ba." Muryarta ba ta tashi ba. "Mai yafewar ya zauna yana jiranka shekara ashirin da shida, kullum ƙofarsa a buɗe. Ka bari sai da ya shiga tulu ka kawo mini. Ban san abin da zai ce ba, Kagaya, kuma ba zan yi masa karambani in ce a madadinsa ba. Ka sha shayinka."

Na sha. Ta raka ni bakin ƙofa kamar kullum, ta juya mini takalmina. Ina sawa ta ce addu'ar kwana arba'in da tara iyali kawai za a yi. Na ce na fahimta. Ta sunkuya mini irin sunkuyawar da ake yi wa baƙo.

Ba ta zalunce ni ba, kuma kada wanda ya karanta wannan ya ce ta yi. Na rubuta ne don yaran da ka horar, da duk wanda ya taɓa dariya a kan makahon nan, su san ba tsautsayi ne ya hana ka cika lambarka ba, mutum ne, sunansa Kagaya Mitsuru. Su kuma san alherin da ka yi na gaske ne ko da wanda aka yi wa na jabu ne. Na yi kewarka ƙwarai, Yaya, kuma ba ni da hurumin faɗin haka a gidanka, shi ya sa na faɗa a nan.

Ubangiji Mai rahama ya jiƙanka, ya sassauta maka hanya, ya hutar da wannan hannu. Ya haɗa ka da tsohonka a inda za ku zauna ku yi maganar da ba ku yi a jirgi ba. Ina miƙa ta'aziyyata ga Anti Fumie, da Chizuru da mijinta da 'ya'yansu, da Sagara, da mutanen Uwajima, Allah ya ba su haƙurin rashinka, ya kuma ba su haƙurin abin da na ƙara musu a kai. Ranar arba'in da tara zan kunna turarena a ɗakin ajiya, tsakanin kwandunan ƙwallo. In ana jin magana a inda kake, ka riga ka ji tawa. Amsar ce ba zan ji ba.